Mura Ta Shiga Gida, Kada Waswasi Ya Biyo Bayanta

   

'Yan uwa, hunturu ya sauko. Gaskiya ne na Ibadan bai kama ƙafar na gida ba, don wanda ya taɓa kwana a Funtuwa ko Fataskum a watan Janairu ba zai kira wannan sanyi ba. Amma dai ƙurar ta iso, leɓe ya fara tsagewa, kuma duk wanda ya yi Asuba da mu a makon nan ya ji yadda tari ke amsa wa tari tun daga sahun farko har na ƙarshe. Yara da yawa ba su zo makarantar allo ba. Gidaje da dama mura ta bi su ɗaki ɗaki, ta fara da ƙaramin yaro, ta kama uwar, ta ƙare a kan maigida.

Abin da ya sa kwamitin masallaci ya ce takardar wannan makon ta tsaya a kan wannan magana shi ne, mun lura ciwo biyu ne ke yawo a unguwa. Akwai murar kanta, wadda da yardar Allah mako ɗaya ko kwana goma ta wuce. Akwai kuma fargabar da take tayarwa a zukatan wasu daga cikinmu, wadda kan daɗe bayan majina ta bushe. Akwai magidancin da ya rufe teburinsa na canji kwana huɗu yana bin ɗakunan gwaji, alhali likitan farko ya riga ya ce masa mura ce. Akwai uwar da ta yi dare uku ba ta runtsa ba, tana sa hannu a hancin ɗanta ta ji ko yana numfashi. Waɗannan ba abin dariya ba ne, kuma ba raunin imani ke damunsu ba. 'Yan uwanmu ne, wasunsu ma sun fi mu yawan nafila.

Mu fara da sanin cewa ciwo a baƙunta ba a kanmu aka fara ba. Lokacin da Muhajirai suka isa Madina, garin an san shi da zazzaɓi. Bai daɗe ba ya kwantar da Sayyidina Abubakar da Bilal da Amiru ɗan Fuhaira, Allah ya yarda da su. Nana A'isha ta je duba su, ta tarar da mahaifinta yana ambaton kusancin mutuwa, Bilal kuwa in zazzaɓin ya ɗan sake shi sai ya ɗaga murya yana begen Makka, yana kiran sunayen kwarurukanta da tsirranta da ruwayenta. Ku duba fa, Bilal ne, wanda aka ɗora wa dutse a ƙirji a tsakar rana bai canza magana ba. Amma zazzaɓi a garin da ba nasa ba ya sa shi kewar gida. Da Nana A'isha ta kai wa Manzon Allah (SAW) labari, bai ce imaninsu ya yi rauni ba. Addu'a ya yi, Allah ya sanya musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye, ya sa albarka a mudunta, ya kyautata lafiyarta, ya ɗauke zazzaɓinta ya kai Juhfa. To in ɗan Katsina ko ɗan Sakkwato ya kwanta a ɗakin haya a Sabo ko Ojoo, zuciyarsa ta fara raya masa cewa a nan zai ƙare ba tare da ya ga mahaifiyarsa ba, ya sani waɗanda suka fi shi sun ɗanɗana irin wannan.

Kuma dole mu yarda jinya a nan ta fi ta gida nauyi a zuciya. A gida in yaro ya kwana da zafin jiki, kafin hantsi kaka ta shigo, ta taɓa goshinsa ta ce, “Ke, mura ce, dama masa kunu,” shi ke nan hankalin uwa ya kwanta. A nan kuwa maigida ya fita Bodija ko Akinyele tun duku-duku, ko yana can hanyar Arewa da kaya. Maƙwabta mutanen kirki ne amma harshe ya raba. Abin da ya rage a hannun baiwar Allah waya ce, ita kuwa waya ba ta taɓa ce wa mutum mura ce. Ka rubuta mata tari da ciwon kai, ta jero maka cututtuka goma, kowace ta fi 'yar uwarta muni. Ga kuma saƙonnin murya na WhatsApp, wani da ba a san ko wane ne ba yana rantsuwa wai sabuwar cuta ta ɓullo, a tura wa mutum ashirin.

Tsoron kuma yana da tushe. Tun da aka samu mai korona na farko a Legas ranar 27 ga Fabrairu 2020, muka ga abin da ba mu taɓa zato ba, aka rufe masallatai, a watan Afrilun shekarar kuma kullum sai an kira wani daga cikinmu daga Kano an yi masa ta'aziyyar wani dattijo. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɗauki yara da yawa a Kano da maƙwabtanta. Zazzaɓin Lassa kuma kowace shekara a irin wannan lokaci na rani yake tashi, jihohin Ondo da Edo da ya fi yi wa ɓarna ba su da nisa da mu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake. Sai dai tsumma tsumma ne, kuma addini bai ɗora mana mu rayu muna gudun tsumma ba.

Wani mutum ya yi atishawa a gaban Manzon Allah (SAW), ya yi masa addu'ar rahama. Da mutumin ya ci gaba da atishawa sai Annabi ya ce mura yake yi. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce jifa ba ne, bai ce kambun baka ba ne, ya kira abin da sunansa. Mu ma mu fara da haka. Mura ƙwayoyin cuta ne na bairos ke kawo ta, iri-iri ne masu yawan gaske, shi ya sa mutum zai warke wata biyu ya sake kamuwa da wata. Suna bin feshin tari da atishawa, suna bin hannu, daga hannu zuwa hanci da ido. Ƙurar hunturu da bushewar iska suna busar da hanci da maƙogwaro, ga shi sanyi ya sa an rufe tagogi an cunkushe a ɗaki ɗaya. Ƙaramin yaro mai zuwa makaranta yana iya yin mura sau shida zuwa takwas a shekara kuma lafiyarsa ƙalau. Mai tsananin cikinsu ita ce wadda ke faɗo wa mutum farat ɗaya da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi kamar an yi masa duka, ta kwantar da shi kwana uku ko huɗu. Ita ma mafi yawan masu ƙarfi a jika suna tashi ba tare da an kwantar da su a asibiti ba. Tarin ne kan yi jinkirin tafiya.

A nan akwai maganar da za mu faɗa ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Antibayotik ba ya kashe bairos. Kafso ɗin nan ja da baƙi ko ja da rawaya da ake ƙirgo mana guda huɗu a leda, ba abin da yake yi wa mura, illa ya ɓata ciki, ya kuma koya wa ƙwayoyin bakteriya jure magani, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki. Majina ta koma kore ko rawaya ba hujja ba ce ta shan sa. Haka allura. Mun ɗauka wai in ba a soke mutum ba ba a yi masa magani ba, har wani ya ji haushin likitan da ya sallame shi da farasitamol. Likitan nan gaskiya ya gaya maka, kuɗinka kuma ya bar maka.

Abin da jiki ke so a kwanakin nan hutu ne da ruwa. Ruwan ɗumi, kunu, koko, farfesu, shayin citta da kanumfari da lemun tsami, duk wanda ya samu. Nana A'isha takan sa a dama wa mara lafiya da wanda aka yi wa rasuwa talbina, wani kunu ne na garin sha'ir, ta ce ta ji daga Annabi (SAW) cewa yana sanyaya zuciyar majinyaci ya rage baƙin ciki. Ashe kofin kunu mai ɗumi da aka miƙo wa mara lafiya da hannu biyu yana da asali. Zuma Allah ya ambaci warakarta a Suratun Nahli, likitoci ma sun yarda tana lafar da tari, amma iyayenmu mata a kiyaye: ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko lasawa ce, don tana iya ɗauke da ƙwayar da cikinsa bai isa ya yaƙa ba. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono, ko ita ce ke murar. Hancin jariri in ya toshe, ɗigon ruwan gishiri na kemis ya isa, kada a cusa masa man zafi a hanci. Zazzaɓi kuma Annabi (SAW) ya yi umarni a sanyaya shi da ruwa, sai a rage wa yaro kaya a goge masa jiki da tsumma mai ɗumi-ɗumi. Lulluɓe shi da bargo uku wai ya yi gumi ƙara masa wuta ne.

Farasitamol yana sauke zazzaɓi da ciwon jiki, amma yana da iyaka. Babba ƙwaya biyu masu miligiram 500, a bar aƙalla awa huɗu tsakani, kada a wuce sau huɗu a kwana ɗaya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, magungunan mura irin su Procold da Mixagrip da farasitamol a cikinsu. Wanda ya sha su ya ɗora Panadol a kai ya ninka ke nan, hanta ce kuma ke biyan bashin. Irin waɗannan magungunan na buɗe hanci suna iya ɗaga hawan jini, su sa zuciya bugawa, su hana barci, don haka mai hawan jini ya tambaya kafin ya sha. Yaro ana auna masa nasa ne da nauyinsa ko shekarunsa kamar yadda aka rubuta a kwalba, ba a ɓalla masa na manya da ka, kuma ba a ba yara asfirin. Maganin tari mai kodin kuwa gwamnati ta hana shigo da shi da haɗa shi tun watan Mayun 2018, kowa ya san abin da ya yi wa samarinmu da matan aure. Wanda ya miƙo maka shi ta ƙarƙashin kanta ba lafiyarka yake nema ba.

Wani abu guda da ke kashe mutane a hunturu ba tare da ko tari ba shi ne kaskon gawayi a ɗakin da aka rufe, ko janareto a baranda kusa da taga. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari, barci kawai take sa mutum, daga nan sai dai a ɓalle ƙofa da safe. Don Allah a fitar da wuta waje kafin a kwanta. Turaren wuta da maganin sauro na hayaƙi ma a ɗaga musu ƙafa in akwai mai tari ko mai asma a ɗakin.

Yanzu ga iyakar da in an kai ta, zaman gida ya ƙare. Mun tambayi 'yan uwanmu ma'aikatan lafiya da ke salla da mu, kuma muna roƙo a ajiye wannan takarda saboda wannan sashe. Duk zazzaɓi a ƙasar nan, musamman na yaro da mai ciki, a yi gwajin maleriya na yatsa, minti ashirin an gama, maimakon a yi ta shan magani a makance. Jaririn da bai kai wata uku ba in jikinsa ya yi zafi, asibiti kai tsaye, ba a jira gari ya waye. Yaro in yana kwance shiru, uwa ta ɗaga rigarsa ta ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Ɗan ƙasa da wata biyu in ya kai 60, ɗan wata biyu zuwa shekara in ya kai 50, ɗan shekara ɗaya zuwa biyar in ya kai 40, ko ta ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, wannan alamar ciwon huhu ce, a tafi. Haka in ya ƙi nono da ruwa sam, ko yana amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko an kasa tashinsa daga barci. Ga babba kuma: numfashi ya gagara yana zaune, ciwon ƙirji mai tsanani, ruɗewa, tari da jini, zazzaɓin da ya wuce kwana uku bai sauka ba, ko wanda ya sauka ya dawo da ƙarfi. Wuya ya sanƙare da ciwon kai mai tsanani, a tuna da sanƙarau, musamman ga wanda ya dawo daga gida kwanan nan. Wuya ya kumbura da wani farin abu ya lulluɓe maƙogwaro, a tuna da mashaƙo. Zazzaɓin da aka yi maganin maleriya bai ji ba, a koma wa likita a faɗa masa, saboda Lassa. Tarin da ya haura mako biyu a je a ba da majina a gwada tarin fuka, kyauta ne a asibitocin gwamnati, gwajin da maganin duka, kuma yin gwajin ba ya nufin an same ka da shi. Dattawa da masu ciwon suga da masu asma da masu ciki, su kada su ja lokaci kamar sauran. Lambar hukumar NCDC ta kyauta ita ce 6232.

To, wanda ya duba duk waɗannan bai ga ko ɗaya ba, yaronsa yana shan ruwa, yana fitsari, zazzaɓi in ya sauka yana ɗan wasa, amma duk da haka zuciyarsa ta ƙi kwanciya, da shi muke son mu zauna yanzu.

Mu da muka yi karatun Ahalari a zaure mun san hukuncin mai waswasi a salla. Mutumin kirki in ya yi shakka ko raka'a uku ya yi ko huɗu, sai ya yi gini a kan abin da ya tabbatar ya kawo ɗaya. Amma wanda shakka ta aure shi, kullum sai ta zo masa, malamai suka ce shi kada ya biye mata, kada ya kawo abin da yake shakka a kai, ya kawar da ita daga zuciyarsa, ya yi sujada bayan sallama ya tashi. Me ya sa aka bambanta su? Saboda malamai sun gane waswasi ba ya ƙoshi. In ka sake alwala sau ɗaya don ka gamsar da shi, gobe sau uku zai nema. Haka da aka kai wa Annabi (SAW) ƙarar mutumin da yake jin kamar alwalarsa ta karye yana cikin salla, bai ce ya je ya duba ba. Alama bayyananna ya ba shi, ƙara ko wari, ya ce in babu su kada ya fita.

Waswasin lafiya ɗan uwan wannan ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mutum ya auna zafin jiki ya ga daidai, hankalinsa ya kwanta minti goma, sai zuciya ta ce ko ma'aunin ya lalace? Ya sake aunawa. Ya ɗaura na'urar hawan jini, ya ga ya ɗan hau, tsoro ya kama shi, ya sake ɗaurawa ya ga ya ƙara hawa, alhali tsoron ne ya ɗaga shi. Haka Allah ya halicci jiki: in mutum ya firgita zuciya takan yi sauri, numfashi ya koma sama-sama, ƙirji ya ɗaure, tafin hannu ya yi sanyi, wani har jiri da makyarkyata. Zazzaɓi shi kansa yana ƙara bugun zuciya, balle an haɗa da maganin mura da shayi mai kauri da goro. Sai mai fargaba ya ɗauki waɗannan a matsayin shaidar cewa babbar cuta ce, tsoro ya ƙaru, alamun su ƙaru. Da haka ake kai wa Asuba ido biyu.

Maganin da fiƙihu ya ba mai waswasin salla shi ne dai za mu ara. Alamun haɗari ga su nan a rubuce a sama, su ne ƙararka da warinka. In ɗaya ya bayyana, tashi ka tafi asibiti ko ƙarfe biyun dare ne, kada ka tsaya shawara. In babu, to ka yi abin da ke kanka, sake dubawa biye wa waswasi ne. A auna zafin jiki safe da yamma da lokacin kwanciya, a rubuta a takarda, a mayar da ma'aunin cikin akwati. Likita ɗaya ko nas ɗaya da aka amince da shi ya isa, yawon tambayar mutum goma amsa goma yake haifarwa. Waya kuma bayan Isha'i a daina tambayarta cuta. Ba mu taɓa jin wanda ya bincika alamun ciwo a intanet da tsakar dare ya tashi da natsuwa ba. Wanda aka turo wa saƙon tayar da hankali, kada ya tura gaba. Annabi (SAW) ya nuna cewa mutum ya riƙa faɗin duk abin da ya ji ya ishe shi zama maƙaryaci.

In bugun zuciyar ya taso cikin dare, a tashi zaune, a ja numfashi a hankali ta hanci, a sake shi a hankali fiye da yadda aka ja, ana tasbihi ko salati a zuci, har jiki ya lafa. A karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tofa a tafin hannu a shafe jiki, kamar yadda Manzon Allah (SAW) yake yi in zai kwanta da kuma lokacin da ba shi da lafiya. Sai dai a yi hattara, don waswasi yakan sa rigar ibada ya dawo. Wani zai karanta, ya ce anya na karanta daidai, ya sake, ya sake, har addu'ar ta zama wani sabon ma'aunin zafi. Karanta yadda aka koyar, ka shafa, ka kwanta. Wanda ka roƙa ya ji tun a karon farko.

Shi Annabi (SAW) da kansa zazzaɓi yakan kama shi, Abdullahi ɗan Mas'ud ya taɓa jikinsa ya ji zafi ƙwarai, ya gaya masa cewa nasa ninkin na mutum biyu ne. Ya shiga wurin Ummu Sa'ib ya tarar tana karkarwa tana tsine wa zazzaɓi, ya hana ta, ya sanar da ita yana kankare zunubai kamar yadda zugazugin maƙeri ke cire dattin ƙarfe. Kuma ya yi bushara cewa bawa in ya yi rashin lafiya ko tafiya, ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana lafiya yana gida. Wannan ya kamata ya sanyaya zuciyar mai jin cewa kwana uku a kwance asara ce. Ajali kuma yana hannun Allah, rashin barcin uwa ba ya ƙara wa ɗa kwana ɗaya, sai dai ya rage mata ƙarfin da za ta yi jinyarsa da shi gobe. Tawakkali shi ne ka ba da magani, ka san alamun haɗari, ka yi addu'a, sannan ka bar wa Mai shi abin da ba naka ba.

Magidanta, kalma ɗaya gare ku. In uwargida ta tashe ka karo na uku ta ce zo ka ji numfashin yaron nan, kada ka ce, “Ke dai kin cika tsoro, ba ki da tawakkali.” Wataƙila ta taɓa binne ɗa, ciwon da ya fara da ɗan zafin jiki irin wannan. Tashi ku ƙirga tare, in daidai ne ka ce ta kwanta kai za ka karɓi tsaron zuwa Asuba. Wannan ya fi wa'azin awa ɗaya. Wanda kuma fargabar ta zarce makonni bayan an warke, ta hana shi barci da kasuwa, kullum yana jin mutuwa ce ta zo, ya sani wannan ciwo ne da likitoci suka sani kuma ana maganinsa, akwai sashensa a UCH. Zuwa can ba hauka ba ne, kuma ba ya hana ruƙiyya da addu'a.

Ɗaya ɓangaren su ne masu cewa ai mura ba ciwo ba ce, su shigo sahu suna tari a buɗe, su fyace da hannu su miƙo musabaha. Abin da ya zame maka kwana uku na majina, ga dattijon da ke gefenka mai ciwon suga yana iya zama gadon asibiti. Annabi (SAW) in zai yi atishawa yakan rufe fuskarsa da hannu ko mayafi ya sassauta murya, ya hana a gwama raƙuma marasa lafiya da masu lafiya, ya ce wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ya nisanci masallaci don kada ya cutar da mutane. In wari ya isa uzuri, ina ga zazzaɓi? Mai zazzaɓi ya yi sallarsa a gida, ko Juma'a ce ta faɗi a kansa, ya yi Azahar. In tsayuwa ta yi wuya ya zauna. A ɗumama ruwan alwala da na wanka, ba wani ƙarin lada a cikin karkarwa, in kuma ruwa zai ƙara ciwon akwai taimama. Amru ɗan Asi ya yi ta a wani dare mai tsananin sanyi a yaƙin Zatus Salasil, da aka gaya wa Annabi (SAW) dariya ya yi bai ce komai ba. Iyayenmu mata masu ramuwar azumi a wannan lokaci, wadda ba ta jin daɗi ta bari ta warware tukuna.

Kada kuma mu manta da waɗanda ba su da mai dama musu kunun: masu gadi da ke kwana a waje, masu turin baro, 'yan dako, masu shayi, samarin da ke kwana takwas a shago ɗaya. Su in ba su fita ba ba su ci ba, shi ya sa suke fita da zazzaɓi. Wanda ya lura maƙwabcinsa a sahu ya ɓace kwana biyu ya tambaya. Dubiya haƙƙin Musulmi ce, amma a taƙaita, a tsaya daga ƙofa in ɗakin ƙarami ne, a bar yara a gida, kuma don Allah kada a zauna ana ba mara lafiya labarin wane da ya fara da irin wannan tarin kwana uku aka kai shi. Kwanon abinci da addu'a sun wadatar.

Daga gobe Asabar za a riƙa fitar da dardumai ana shanyawa a rana, tagogi kuma za su kasance a buɗe lokacin salla ko da an ji ɗan sanyi, sai a zo da rigar sanyi. An sa sabulu a wurin alwala, muna roƙon kada ya yi ƙafa. An ɗauke kofin randar bakin ƙofa na ɗan lokaci, kowa ya zo da gorarsa. Mai ɗan tari da ba zazzaɓi ya sa takunkumi ya zo da abin sallarsa. Malaman makarantar allo sun amince yaron da ba shi da lafiya ya zauna gida, ba bulala ba tara. Mai tsohon bargo ko rigar sanyi da zai bayar saboda masu gadi ya kawo wa Ladan, wanda kuma ya san mara lafiyar da ba shi da kuɗin gwaji ko na mota zuwa asibiti ya same mu a ofis bayan La'asar, ba za a ambaci sunan kowa a lasifika ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na nan da na gida. Allah ya kwantar da hankalin masu jinya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.
Sakatare, a madadin Kwamitin Masallaci